Faifan jaz a Tokyo, kaset ɗin Maraɗi a bola

A Tokyo da Paris da New York akwai mutanen da babu abin da ke cin kuɗinsu kamar tsofaffin faya-fayen kiɗan jaz. Za ka ga dattijo da furfurarsa ya tsuguna gaban kwali a shago, yana ɗaga faifai ɗaya bayan ɗaya, yana karkata shi wajen haske ko zai ga inda ya karce, yana karanta adireshin kamfanin da aka buga a tsakiya don ya gane bugun farko ne ko na baya. Masu neman faya-fayen kamfanin Blue Note har ƴar alamar da injin bugawa ya bari suke dubawa, da harufan sunan Rudy Van Gelder, mutumin da ya ɗauki sautin. Akwai wani faifai na mai busa Hank Mobley, bugun 1957, da ke kaiwa dubban daloli idan lafiyarsa ƙalau. A Japan har gidajen shan kofi ake buɗewa musamman don a zauna a saurari faifan jaz, a wasunsu ma ba a son jin surutu. Abin kuma bai tsaya ga tsofaffi ba. A 2022 baƙin faifai irin na da ya fi CD fita kasuwa a Amurka, abin da rabon a gani tun 1987.

Ka kawo wannan labari a majalisa a Maraɗi bayan la'asar, ka ji abin da za a ce. Wani zai ce kuɗi ne suka yi musu yawa. Wani zai ce, to ba ga waƙar nan kyauta a salula ba? Ban ga laifin masu faɗin haka ba, don a garin da magidanci ke fara lissafin tiyar hatsi kafin ya lissafa komai, dole labarin faifan dubban daloli ya yi wa kunne nauyi. Amma ni ina ganin mutanen nan sun riƙe wani abu da mu muka saki, kuma sakin yana yi mana ɓarna yanzu haka, a ƙarƙashin gadajenmu da cikin tsofaffin akwatunan iyayenmu. Ban zo in ce a fara sayen faifan Amurka ba. So nake mu gane abin da ya sa suke yi, sa'annan mu waiwayi namu.

Jaz ya tashi ne a New Orleans, a kudancin Amurka, a hannun baƙaƙen fata jikokin bayi, wajen farkon ƙarni na 20. Abin da ya raba shi da kiɗan da Turawa ke karantawa a takarda shi ne makaɗinsa ba ya maimaita kansa. Akwai karin da kowa ya sani, da shi ake buɗewa, daga nan sai mai ƙaho ko mai piyano ya shiga ƙirƙira nan take, gwargwadon abin da zuciya ta ba shi a daren da yadda abokan kiɗansa ke amsa masa. Gobe in sun sake ɗauko wannan karin, wani abu dabam za ka ji. Saboda haka duk daren da ba a ɗauka ba ya tafi ke nan. Buddy Bolden, wanda tsofaffin New Orleans suka ce shi ne sarkin masu busa na farko, ya rasu a 1931 a asibitin masu taɓin hankali, kuma har yau ba a samu ko faifai ɗaya nasa ba. Sunansa na cikin kowane littafin tarihin jaz, busarsa kuwa ta bi shi kabari. Faifan jaz na farko a 1917 ya fito, kuma wasu fararen fata ne suka samu shiga ɗakin ɗaukar sauti kafin waɗanda suka ƙirƙiro kiɗan.

Duk Bahaushen da ya taɓa zama gaban makaɗi ya san wannan hali, ko da bai taɓa jin jaz ba. Mamman Shata yana tsaye gaban kalangai, ya hango wani ya shigo fili, nan take ya saka shi a waƙa. Gindin waƙar yana nan yadda aka san shi, ɗiyan kuwa na wannan rana ne da wannan taro. Makaɗan fada haka suke, makaɗan kokowa da na dambe haka, mai goge haka, zabiya a gidan biki haka. Ka samu ɗauka uku na waƙa ɗaya ta Ɗanƙwairo ka jera su, za ka tarar kowace da abin da ta ƙara da abin da ta rage. Ke nan kaset ɗin da wani ya ɗauka da rakodarsa a wani biki a unguwar Mokoyo ko Bagalam ta Maraɗi a shekarun 1980 ba shi da ɗan'uwa a wani ɗakin ajiya a Yamai ko Kaduna. Shi kaɗai ne a duniya. Ranar da ya lalace, waƙar wannan dare ta bi sahun busar Bolden.

Kamfanonin da suka fara buga jaz ba su ɗauke shi abin tarihi ba. A wurinsu haja ce ta rawa, a sayar bana a manta baɗi. Faifan lokacin, mai juyi 78 a minti, bai cika wuce minti uku a kowane gefe ba, yana fashewa in ya faɗi, kuma sau da yawa sunan shugaban ƙungiya kaɗai ake rubutawa, sauran makaɗan ko oho. Masu sha'awa ne suka tsaya tsayin daka. Su suka riƙa bin gida-gida a unguwannin baƙaƙe suna sayen faya-fayen da aka jibge, su koma su saurara da kunnen basira suna gardama: wa ke busa a nan, wa ke kan ganga? Wani Bafaranshe, Charles Delaunay, ya fitar da littafi a 1936 wanda babu komai a cikinsa sai jeri: rana kaza, gari kaza, wane da wane suka kaɗa, lambar faifai kaza. Aiki ne mai gajiyarwa da ba ya kawo kuɗi, amma a kan irinsa aka gina tarihin jaz da ake koyarwa a jami'o'i yau. A ƙarshen shekarun 1930 irin waɗannan mutane suka gano wani tsohon mai busa, Bunk Johnson, a wani ƙaramin gari na Louisiana, haƙoransa sun zube, ko ƙaho ba shi da shi. Aka haɗa kuɗi aka yi masa haƙora, aka saya masa ƙaho, a 1942 aka ɗauki busarsa. Da sun yi jinkirin shekara goma da ba su same shi ba, don a 1949 ya rasu.

Wani saurayi mai suna Dean Benedetti ya riƙa bin shahararren mai busa Charlie Parker wuraren wasa a 1947 da 1948 da ƴar na'urarsa, ya kunna in Parker ya fara busa, ya kashe in ya gama don kada abin ɗaukar ya ƙare masa. Abin da ya tara ya kwana a hannun danginsa, sai a 1990 duniya ta ji shi. Ranar 6 ga Maris 1963 mai busa John Coltrane ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na Van Gelder da mutanensa suka yi aikin yini guda. Zaren asali da aka ɗauki sautin a kai ya ɓace a hannun kamfani. Kwafin da Coltrane ya tafi da shi gida ne ya tsira a wurin dangin matarsa ta farko, Naima, aka fitar da shi a 2018, shekara 55 bayan ɗauka. A 2005 wani ma'aikacin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya ci karo da zaren da Muryar Amurka ta ɗauka a 1957, wasan Coltrane da mai piyano Thelonious Monk, yana kwance cikin tarin da ba a bincika ba. A 2008 kuma gobara ta tashi a wani ɗakin ajiya na kamfanin Universal a California ta cinye zaruruwan asali masu ɗimbin yawa, har da na jaz. Wato kamfani mai kuɗi da masu gadi ya yi asara, matar gida da ta ajiye zare a akwati ta cece shi. Wannan shi ya sa ba na yi wa mai tara faifai kallon wanda ya rasa abin yi da dukiyarsa.

Kada wani ya ce Maraɗi ba ta da abin ajiyewa. Garin nan ya yi zamanin gyaɗa, ya yi zamanin fatauci da Katsina da Kano da Legas, kuma Alhajin da ya dawo daga Makka a shekarun 1970 da 1980 da wuya ka rasa rakoda a kayansa. Kafin nan garmaho sai gidajen ma'aikata da masu hali. Kaset, wanda Philips ta fito da shi a 1963, ya ba talaka abin da garmaho bai taɓa ba shi ba, wato ya ɗauka da kansa. Aka ɗauki Shata da Ɗan Anace da Ɗan Maraya da Barmani Coge daga rediyo da wuraren wasa. Aka ɗauki kakaki da algaita da tambari a ƙofar fada ranar sallah, a nan da Tibiri. Aka ɗauki kirarin ƴan kokowa tun zamanin da Kantu ya ɗauko takobi a gasar farko ta ƙasa a Tawa a 1975. Aka ɗauki waƙoƙin samariya na zamanin Kunce, da waƙoƙin daka da na niƙa da mata suka daina yi tun da injin niƙa ya shigo kowace unguwa.

Akwai ma wani irin kaset da ya fi waɗannan taɓa mini zuciya. Ɗan ci-rani a Libiya ko Abijan ko Makka, wanda bai iya rubutu ba, sai ya zauna gaban rakoda ya gaida kowa da sunansa, daga Inna da Baba har autan gida, ya faɗi halin da yake ciki, ya ba wani mai dawowa ya kawo. A taru a tsakar gida a saurara, a ɗauki amsa a mayar masa. A cikin waɗannan kaset-kaset akwai Hausar Katsinawan Maraɗi da ta Gobirawa yadda ake yin ta shekara 40 baya, kafin finafinan Kano su fara daidaita bakin yaranmu. Akwai farashin hatsi, akwai labarin fari, akwai wanda ya yi aure da wanda ya rasu. Garin da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon mazauninsa a bakin gulbi har aka hauro tudu ya kamata ya fi kowa sanin cewa gini na tafiya. Yawancin abin da muka sani game da tsohuwar Maraɗi, daga Ɗan Kasawa zuwa Ɗan Baskore, a bakin maroƙa da makaɗan fada da tsofaffi ya iso mana, kuma muryoyin na ƙarshe cikin waɗanda suka ji daga waɗanda suka gani suna kan wannan siririn zare.

Zaren kuwa mutuwa yake yi. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a ƙarƙashin kwano yana lanƙwasa baƙin faifai, musamman in an kwantar da shi an ɗora masa kaya, alhali a tsaye ake jera shi. Ƙurar hunturu na shiga kaset, damina ta kawo fumfuna, zaren ya manne da juna. Gara ta cinye ƴar takardar da aka rubuta sunan mawaƙi da shekara, in ma an rubuta. CD ɗin da aka ƙona a kwamfuta, wanda muka ɗauka shi ne ci gaba, sau da yawa yana riga kaset mutuwa. Kaset in ya tsinke ana liƙe shi a ci gaba da ji, CD in ya ƙi ya ƙi ke nan. Amma abin da ya fi zafi da gara ɓarna shi ne ranar rabon gado. Tsoho ya rasu, a lissafa gida da gona da awaki, akwatin kaset ba mai ko kallonsa. Bayan sadakar arba'in a share ɗaki a fitar da shi, yara su zare zaren su yi wasa, ko a ɗaure shi a gona yana walƙiya don korar tsuntsaye.

Amsar da na fi ji ita ce, ai duk an tura su a waya. Ba duka aka tura ba, abin da ya yi suna kaɗai aka tura. Wanda aka tura ɗin ma an matse shi don ya shiga kati, an sake matse shi a WhatsApp, har kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani. An yanke farkonsa inda mai gabatarwa ke faɗin wuri da rana, wani lokaci mai turi ya ɗora tallar shagonsa a kai. Sa'annan suna ya ɓace. Ka je wurin masu tura waƙa a bakin tasha ka duba, za ka ga lambobi a maimakon sunaye, ka ga waƙar wani bawan Allah an laƙaba wa Shata don sunan Shata ne ke sayarwa. Mai son jaz a Osaka zai gaya maka cewa a wancan yini na Maris 1963 Elvin Jones ne a kan ganga, McCoy Tyner a piyano, Jimmy Garrison a babbar garayar da ake kira bass. Mu kuwa mutum zai haddace waƙa tun daga gindi har ɗanta na ƙarshe, ka tambaye shi wa ke riƙe da kalangu, su wa ke amshi, a wane gari aka yi ta, ya yi shiru. Waɗannan mutane suna da sunaye, suna da ƴaƴa da jikoki a cikinmu. Al'ummar da malamanta ba sa karɓar magana sai sun tambayi wa ya ruwaito, daga wa ya ji, bai kamata a ce sai wani ya zo daga waje ya koya mata rubuta sunan mai murya da ranar da ya yi magana ba.

Daga wajen kuwa an daɗe ana zuwa. A 1963 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar yana ɗaukar kiɗan maroƙa, kamfanin Ocora na Faransa ya buga shi a faifai. David Ames ya ɗauki kiɗan Hausa a arewacin Najeriya a shekarun 1960, shi ma a Turai aka buga. Wani Bajamushe, Veit Erlmann, ya zauna a kwarin Maraɗin nan yana nazarin makaɗanmu, ya wallafa abin da ya samu a farkon shekarun 1980. Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan masu busa na jaz, Musulmi, ya baro Amurka ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana binciken sarewar Fulani. Mutumin da faya-fayensa ke cikin waɗanda ake rububi a Tokyo, shi ga shi ya zo ƙasar Hausa neman ilmin abin da makiyayi ke busawa a bayan shanu.

Na baya-bayan nan su ne masu farautar tsofaffin faya-fayai da kaset don su sake bugawa. Mamman Sani, wanda duk wanda ya girma da rediyo da telebijin na ƙasar nan ya san sautin organ ɗinsa ko bai san sunansa ba, ya yi kaset a 1978 wanda kwafinsa kaɗan ne suka fita. Sai da Christopher Kirkley, wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da shi a Yamai, ya nemo mai shi, aka buga a baƙin faifai a 2013, sa'annan duniya ta san shi. Mdou Moctar, mai kaɗa gita ɗan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, suka yi ta yawo daga salula zuwa salula ba suna, har aka bi sawu aka gano mai su. Namu na gida, Sa'adu Bori, wanda ya rasu a haɗarin mota a 2008, CD ɗin da ya yi tare da Moussa Poussy kamfanin Stern's na Landan ne ya fitar da shi a tsakiyar shekarun 1990. Yau ya fi sauƙi ka samu wannan CD da bangonsa a shagon tsofaffin faya-fayai a Turai da ka same shi a garin da Sa'adu ya yi suna.

Na san masu jin haushin wannan, suna cewa ana kwashe mana dukiya da araha. Akwai gaskiya a ciki. Mai saye ya san faifan da ya karɓa a jika ɗaya ko biyu nawa zai yi a can, mai sayarwa bai sani ba, kuma ba kowane mai sake bugawa ke neman iyalan mawaƙi ya biya su ba. Amma ba zan iya zagin wanda ya tsamo abu daga bola ba alhali ni na jefa shi. Abin da nake cewa shi ne, wanda buƙata ta sa zai sayar, ya sayar da ido buɗe. Ya tambayi kuɗin abin kafin ya miƙa, ya tabbata an bar masa kwafi mai kyau, ya rubuta duk abin da ke jikin bangon. In kuma za a sake bugawa don kasuwa, a yi takarda da mawaƙin ko magadansa. Muna da ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, don irin wannan aka kafa shi.

Sai maganar addini, wadda ba a tsallake ta a Maraɗi. Akwai ƴan'uwa da ke ganin kiɗa haramun ne, har wasu in sun yanke shawarar barinsa sukan tara kaset ɗinsu su cinna musu wuta. Ba zan ja da malamai a fagen da ba nawa ba, saɓanin ya girme mu duka. Roƙona ɗaya ne, a duba kafin a ƙona. Kaso mai yawa na abin da ke cikin akwatunan nan ba kiɗa ba ne. Akwai tafsirin azumi na malaman da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda ba su bar littafi ba sai murya. Akwai wa'azi, akwai ƙira'a, akwai waƙoƙin gargaɗi da makafi ke rerawa ƙofa-ƙofa. Sau da yawa gefe ɗaya waƙa ce, ɗaya gefen karatu, don kaset ba ya da arha a lokacin. Wanda kuma ya ce ba ya son kiɗa a ƙarƙashin rufinsa, haƙƙinsa ne, sai ya miƙa wa masu binciken tarihi da harshe, don a cikin waƙa ake samun sunan yunwar da aka yi, da harajin da aka sa, da rikicin jam'iyyun Sawaba da RDA yadda talaka ya gan shi.

Maganar talauci kuma, wanda ya ga yunwar 2005 a jihar nan ba zai raina ta ba. Sai dai aikin da nake magana a kai ba ya cin abin da ake tsammani. Na'urar kaset mai lafiya, kwamfuta ɗaya, waya mai haɗa su, ma'ajiyar sauti biyu ko uku, ɗaki mai inuwa da ba ya yoyo, da albashin mutum ɗaya ko biyu masu haƙuri. Manhajar ɗauka irin Audacity kyauta ce. Duka-duka bai kai abin da ake liƙawa a dare ɗaya a wani babban biki na garin nan ba. A Gini, wani ɗan Ostareliya mai suna Graeme Counsel, da tallafin ɗakin karatu na Birtaniya, ya kwafe waƙoƙi fiye da 9,000 daga zaruruwan gidan rediyon ƙasar tsakanin 2008 da 2013, ciki har da na Bembeya Jazz da sauran ƙungiyoyin zamanin Seku Ture, kuma yau ɗan Gini na iya sauraronsu a intanet. Mutum ɗaya ne ya ja aikin. Alhazan Maraɗi sun gina masallatai da makarantu, sun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka musu. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya ɗauki nauyin wannan ɗaki bai ji a jikinsa ba.

A Yamai akwai CELHTO da ke tattara tarihin baka, akwai cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya, akwai ajiyar Muryar Sahel. Amma tsohuwar da ke Madarunfa ko Gidan Rumji ba za ta ɗauki kaset ɗin mijinta ta kai Yamai ba, kuma ba za ta miƙa wa baƙon da ba ta sani ba. Za ta iya bayarwa in an ce mata ga ɗaki a Maraɗi, Inna, za a kwafa a maido miki da abinki a hannu tare da kwafi a kati. Wannan sharaɗi na maidowa shi ne zai buɗe akwatuna. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na da ɗalibai da za su iya aikin, gidajen rediyon garin na da hanyar yin shela da tsofaffin ma'aikata da suka san muryoyi, fadar Maraɗi da ta Tibiri kuwa kalma ɗaya daga gare su ta isa makaɗan fada da zuriyarsu su fito da abin da ke hannunsu. A kwafa a tsarin WAV wanda ba ya matse sauti, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, kada gobara ɗaya ta gama da komai.

Kwafar ma ita ce mai sauƙi. Mai wuyar shi ne aikin Delaunay, wato a zaunar da tsohon ɗan amshi ko tsohon maroƙi, a kunna masa, a ce Baba, muryar wa ke nan, wa ke kiɗa, bikin wa ake yi, wace shekara, wane ne wannan da aka ambata? A rubuta, a ɗauki bayanin nasa shi ma. Wannan ba ya jira. Malam Maman Barka ya je yankin tafkin Cadi a farkon shekarun 2000 ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya, a hannun tsohon da ya rage yana kaɗa shi, ba a daɗe ba tsohon ya rasu, shi ma Barka ya bi shi a 2018. Na'urorin ma ƙarewa suke yi. Tun 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗi cewa injinan karanta zare da kayan gyaransu na gab da ɓacewa, suka ambaci wajen 2025. Masu gyaran rediyo da suka san cikin rakoda a kasuwarmu ƴan kaɗan ne suka rage, yawancinsu sun koma gyaran salula.

Kafin a samu ɗakin, akwai abin da kowane gida zai iya yi a wannan mako. A ɗauke akwatin daga ƙasa, a raba shi da bango mai laima da kwanon da rana ke duka. Faifai a tsayar da shi, kada a kwantar. Kada a ce bari a gwada kaset a tsohuwar rakodar da ta shekara ashirin ba a kunna ba, don robar cikinta ta saki, za ta tauna zaren. Abin da ke rubuce a bango a kwafe shi a littafi tun gara ba ta kai gare shi ba, a tambayi tsofaffin gida abin da suka tuna a ƙara. In kuma an zo rabon gado, wani daga cikin magada ya buɗe baki ya ce a sa akwatin kaset a lissafi, a damƙa shi a hannun mutum ɗaya da kowa ya san sunansa.